Na Ce Sha Uku, Alhali Na San Shida Ne

'Yan uwa, ku gyara zama. Abin da zan ba ku yau, Celina ƙawata sai da ta roƙe ni in rufa wa kaina asiri kar in rubuta. Na ce mata asirin da ya tonu a tsakiyar falonmu, gaban Baba da Umma da Gwaggo Asabe, wane saura gare shi da zan hana ku dariya?

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Fiddausi, gidanmu yana Barnawa, kuma ina shekarar farko a kwalejin fasaha, sashen lantarki. Mata ba mu da yawa a ajin, sauran duk gardawa ne masu warin gumi da hayaƙin dalma. Karatun nan ni na zaɓe shi da kaina. Tun ina ƙarama babu rediyo ko tocilan da ya tsira daga hannuna a gidan nan, kuma sai da na yi kuka, na yi yajin cin abinci, kafin Umma ta sakar mini mara. Baba ne ya tsaya mini, shi ma da sharaɗi: in yi karatun tsakani da Allah, sannan babu zance, babu saurayi a ƙofar gida sai na karɓo difloma. Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, in ya kafa doka shi kansa ba ya iya janye ta.

Ana nan sai ga Zakariyya'u. Ba zance ya zo ba, sola ya zo haɗa mana, don Baba ya gaji da kukan janareto. Dogo ne, baƙi, da ɗan sajensa, ya gama babbar difloma a irin karatuna, yana aiki da wani kamfanin sola a Kudenda. Ina daga taga ina kallon yadda yake fere waya da kyau, ba ya barin ko zare ɗaya na tagulla a waje. Wasu matan mota ke ɗaukar hankalinsu, ni kuwa ga abin da ya kayar da ni. Na yi ta kai masa ruwan sanyi har sai da bawan Allah ya ce ya ƙoshi.

Da ya shigo falo zai ɗaura inbata, ya ga littafina a kan tebur, ya tambaye ni ko ina jin daɗin karatun. Ni da na zo ta ɗaya a gwajin da aka yi mana a aji, sai na ji bakina ya ce lissafin rizista ya gagare ni. Ban rantse ba dai, ku zama shaida. Baba yana gefe da jaridarsa, ya sauke tabarau, ya ce to ai ga malami Allah ya kawo har gida, in Malam Zakari zai samu sarari ya riƙa zuwa Asabar da Lahadi bayan la'asar. Ƙofar da Baba ya kulle da hannun dama, ya buɗe ta da na hagu bai sani ba. Na shige ɗaki na toshe bakina da filo.

Bari in ɗan yi muku bayani don kar in bar wasu a baya. Rizista wani ɗan abu ne da bai fi ƙwayar wake ba, da ƙafafun waya biyu da zobban launi a jikinsa. Aikinsa ya yi wa wuta turjiya, ya rage mata gudu, kuma ana auna turjiyar da om. In aka jera su ɗaya bayan ɗaya, tarawa kawai ake yi. In aka sa su kafaɗa da kafaɗa, wuta ta samu hanya biyu, sai turjiyar ta ragu har ta gaza ta mafi ƙanƙantarsu. In guda biyu ne, ka ninka wannan da wancan, ka raba da jimlarsu, shi ke nan. Wannan abin na iya shi tun muna sakandare.

Amma ku ga yadda Malam Zakari ya zage yana koya mini. Ya ce na jere kamar shingayen bincike ne a hanyar Abuja, kowanne ka tsaya, ɓata lokacin yana taruwa. Na kafaɗa da kafaɗa kuma kamar cunkoson kan gada ne in za ka tsallaka kogi zuwa cikin gari: da an buɗe wata gadar, ko da ƙarama ce, motoci sun samu sauƙi. Na zaro ido ina gyaɗa kai kamar yau na fara jin sunan gada. Sai ya zana mini tambaya: shida da uku kafaɗa da kafaɗa, huɗu kuma a jere da su. Shida sau uku sha takwas, a raba da tara, biyu, a ƙara huɗu, shida. Kafin ya ɗaga biro na gama a kaina. Na ciji murfin birona, na kalli silin, na ƙirga yatsu, na ce, "Sha uku?"

Ya rufe ido na ɗan lokaci, ya buɗe, ya ce, "Ba komai. Bismillah, mu sake."

Wannan "mu sake" ɗin ita nake saye da mutuncina duk mako. Kuma kar ku ɗauka aiki ne mai sauƙi. Mai sani ya yi kuskure mai kama da na gaske, sai ya zauna ya shirya shi. In na faɗi lambar da ta yi nisa da yawa zai gane wasa nake, in na matso kusa zai ce na kusa yaye. Ranar Juma'a nake fitar da atamfar da zan sa, in goge gyale, in kuma zaɓi kuskuren gobe. Celina, wadda muke aji ɗaya kuma daga littafina take kwafe aikin gida, ita ce mai ba ni shawara.

"Fiddo, wace lamba yau?" ta rubuto wata Asabar.

"Tara. Ina so ya ga na fara motsi."

"You no dey fear God. Gobe ki turo mini aikin gidan da Malam Filibus ya ba mu, na kasa lamba ta uku."

Umma kuwa a bakin ƙofar falo take kafa kujerarta, da tiren shinkafa tana tsinta, shinkafar da ba ta da tsakuwa ko ɗaya. Ranar da na fito da leshi ruwan hoda, na sha kwalli, na bulbula humra, ta dube ni sama da ƙasa ta tambaya ko lissafin ne yake son ƙamshi. Na ce zafi ake yi, kar in dami malami. Ta ce uhm, ta ci gaba da tsintarta. Shi kuwa Malam ko ɗaga kai ba ya yi sosai. Zai sha zoɓo, ya ɗauki cincin biyu, ya fito da zanen da ya yi mini da biro kala-kala. Sau ɗaya na kama shi yana kallon lallen hannuna, ya yi maza ya ce hannun ya rufe lambar.

Abin da ban lissafa ba, ni mai lissafi, shi ne falonmu yana da taga, kuma kujerar Baba a ƙarƙashinta take a baranda. Mako bayan mako yana jin 'yarsa tana amsa sha uku, tara, goma da rabi. Umma ma tana ji, kuma Umma tun farko ba ta so karatun nan ba, ta ce ba za ta haifi 'ya mace ta gan ta a saman tsani ba. Ta ɗauki waya ta kira Gwaggo Asabe.

Gwaggo Asabe yayar Baba ce, tana da wurin koyar da kek da kayan maƙulashe na biki, kuma ta daɗe tana cewa hannuna na kwaɓa fulawa ne. Ni da kek ko a biki sai in ba na kusa da ni. Ta zo da yamma da mayafinta mai duwatsu, suka shige ɗakin Baba su uku, na ji muryarta tana tashi tana sauka. Washegari muna karin kumallo, Baba ya ajiye kofin shayinsa ya ce ranar Asabar zai zauna a darasin da kansa.

"In kin iya, kin iya," ya ce. "In ba ki iya ba, Litinin za ki fara zuwa wurin Gwaggonki. Wuta ba abin wasa ba ce, Fiddausi. Ba zan bar ki ki kama waya da kan da ba ya riƙe lissafi ba, ki halaka kanki ko ki ƙona gidan mutane."

Na ajiye ƙosan da ke hannuna. Ku duba ramin da na haƙa da hannuna. In na faɗi, karatun da na yi wa kuka ya tafi, in koma fasa ƙwai. In na ci da kyau, darasi ya ƙare, Malam Zakari ya daina zuwa, ƙila ma a gane komai. Na kira Celina, ta yi dariya har ta ƙware, sannan muka tsara dabara. Zan ci, amma da ƙyar. Zan yi gumi, in goge, in sake, in kai ga amsa kamar mai hawa tudu da tulu. Sai a ce ƙoƙarin malami ne, a ce kuma ya ci gaba da zuwa don kar in koma baya. Na yi atisayen fuskar a gaban madubi har na yaba wa kaina.

Ranar Juma'a bayan masallaci saƙo ya shigo. Lambarsa ce, wadda ba ta taɓa turo mini komai ba sai hoton tambayoyi.

"Baba ya gaya mini. Kar ki tsorata. Zan ba ki na jere kawai, tarawa ce, kin iya ta. Ki natsu. Ko me ya faru gobe, ni dai ba zan daina ganin ƙimarki ba."

Na karanta, na sake karantawa, na kife wayar a kan gado. Wato bawan Allahn nan ya yarda har zuciyarsa cewa kaina ba ya ja, kuma duk da haka ga abin da ya rubuto. Daɗi ya kama ni, kunya ta biyo baya, kunyar ta fi nauyi. Na rubuta "Na gode Malam" na goge, na rubuta "Akwai maganar da" na goge. Ƙarshe hoton hannu mai addu'a na tura masa.

Asabar ta zo. Na sa doguwar riga baƙa da hijabi mara ado, ko hoda ban shafa ba, don in yi kama da ɗalibar da karatu ya wahalar. Baba ya zauna a babbar kujera da tabarau. Umma ta baro bakin ƙofa ta shigo ciki. Gwaggo ta baje a doguwar kujera, har da ledar da na hango rigar girki a ciki, sabuwa fil, ruwan hoda. Malam Zakari ya zo da farin yadi, ya gaishe su a durƙushe, ya fito da ɗan allon gwaji mai ramuka, da gwangwanin rizistoci, da mitar aunawa. Baba ya ce a ba shi mitar ya riƙe, shi bai san lissafin ba amma ya iya karanta lamba.

Malam ya soka biyu a jere, ya ce wannan ɗari ne, wannan ɗari da ashirin. Na ɗaure fuska, na rubuta, na goge, na ce ɗari biyu da ashirin. Ya nuna wa Baba inda zai ɗora bakin wayoyin mitar, lamba ta fito kusan haka, Malam ya sauke ajiyar zuciya har sai da na ji ta.

Baba ya ce, "Malam, wannan na jeren ai ko ni na haddace shi ta taga. Haɗa mata na gadar nan."

Malam ya jawo allon. Ya zare biyun farko, ya sa wasu biyu kafaɗa da kafaɗa. Baba ya ce ƙara. Ya ƙara ɗaya a jere da su. Baba ya ce irin wanda ake kawowa a jarrabawa yake so, ba na 'yan firamare ba. Malam ya ɗauko na huɗu ya gitta shi daga wannan ƙarshen zuwa wancan, ya rungume sauran ukun gaba ɗaya. Ya buɗe baki zai faɗa mini lambar kowanne, sai Gwaggo ta riga shi.

"Ku daina wahalar da yarinya haka nan," ta ce, tana zaro rigar girkin daga leda tana karkaɗewa. "Kan mace ba na wannan ba ne. Dubi yadda ta yi zuru-zuru. Taso uwata, gwada in ga ko ta yi miki."

To, ga inda halina ya kashe ni. Waɗanda suka san ni sun san ina iya haƙuri da yunwa, ina iya haƙuri da zagi, amma ban iya haƙuri da "kan mace" ba. Duk atisayen madubi ya bi iska. Na jawo allon gabana.

Na ce wannan mai ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa, ɗari ne. Na kusa da shi mai kore a tsakiya, ɗari da hamsin. A ninka su dubu sha biyar, a raba da ɗari biyu da hamsin, sittin. Na jerensu mai ja a tsakiya ɗari da ashirin ne, ya zama ɗari da tamanin. Wanda ya gitta kuma, ja, shunayya, ruwan ƙasa, ɗari biyu da saba'in. Ɗari da tamanin da ɗari biyu da saba'in kafaɗa da kafaɗa, na ɗan lumshe ido, na ce, "Ɗari da takwas. Baba, auna."

Ko biro ban taɓa ba. Malam Zakari yana riƙe da kalkuleta, bai gama danna layin farko ba. Baba ya ɗora wayoyin, ya matso da mitar kusa da tabarau, ya karanta ɗari da bakwai da ɗigo biyar. Gwaggo ta ce to ai yarinya ta faɗi, da saura rabi. Da na yi shiru a nan, da ƙila na tsira da wani abu. Amma bakina ya riga ya ɓalle. Na ɗaga rizista ɗaya na nuna mata zoben zinare na ƙarshe, na ce shi ke nuna cewa kowanne yana iya ɗarawa ko ya gaza da kashi biyar cikin ɗari, don haka mita ba ta yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba.

Fanka, wadda solarsa ke juyawa, tana ta ƙara a samanmu. Malam ya gama dannawa, ya kalli kalkuleta, ya kalle ni. A hankali, kamar da kansa yake magana, ya ce, "Ban koya mata launuka ba. Babi na gaba ne."

Umma ta kai hannu bakinta, kafaɗunta suna motsi, na kasa gane dariya ce ko takaici. Gwaggo ta ninke rigar girki ta mayar cikin leda. Baba ya kashe mitar ya miƙa wa Malam da hannu biyu, ya yi masa godiya mai tsawo, ya sa masa albarka, sannan ya ce tunda ɗaliba ta kai haka, ba sai an ƙara ɗora masa wahalar zuwa ba. Ya ce in ɗauki jakar malamina in kai masa bakin ƙofa.

A bakin ƙofar, wurin da ya jingine mashin ɗinsa a gindin dogon yaro, na miƙa masa jakar ina murmushi. Har ga Allah na ɗauka zai yi dariya. Na shirya ma abin da zan ce in ya kira ni 'yar duniya.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun kafin ka hau rufin gidanmu."

Ya gyaɗa kai, ya rataya jakar, ya daɗe yana gyara igiyarta. Sannan ya gaya mini cewa kamfaninsu ya samu aikin famfon ban ruwa mai sola a wata gona a Kakau, aikin ƙarshen mako, kuma shi aka zaɓa ya jagoranta, karo na farko da za a damƙa masa ma'aikata. Sai ya ce musu a ba abokin aikinsa Samson, shi yana da ɗaliba da yake tsoron za ta faɗi jarrabawa.

"Na ɗauka ni kaɗai ne tsakaninki da faɗuwa," ya ce. "Da kin gaya mini abin da kike so tun farko, Fiddausi, da na nemi hanyar da ta dace. Ni ma ba don rizista kaɗai nake zuwa ba."

Ya tada mashin, ya yi mini sallama irin wadda ake yi wa maƙwabta, ya tafi. Maganar da na yi makonni ina kwalliya don in ji, na ji ta, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba. Ina sonsa, jama'a, yau na rubuta shi ƙarara, kuma na sa ya yi asarar abin da ya daɗe yana jira saboda ina jin daɗin wasa. Na tsaya har ƙurar mashin ta kwanta, na goge idona da bakin hijabi, na koma ciki.

Gwaggo ta shige ɗakin Umma, su biyu suna ƙus-ƙus. Baba yana nan inda na bar shi, ya cire tabarau ya ɗora a gwiwa. Na sunkuyar da kai zan wuce ta gefen bango.

"Zo nan, Injiniya. Zauna," ya ce. "Karatu kin ci, babu mai fitar da ke, na yi alkawari. Yanzu kuma ki gaya mini, tunda ba lissafi ba ne, me ake koya miki a falona duk Asabar da Lahadin nan?"